Tsohuwar Mota, Sabon Inji: Tarihin Suame Magazine

Duk wanda ya tashi a Ashanti New Town ya san tsofaffin motocin Benz 207 masu jigilar fasinja: jiki ya sha duniya, amma injin da ke ciki sau da yawa ba nasu na asali ba ne. Sirrin yana Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi.

Sunan ya samo asali ne daga ma'ajiyar makaman sojojin mulkin mallaka, wadda makanikai suka kafa rumfuna kusa da ita a shekarun 1930, kafin su koma Suame. Sana'ar dasa inji ta bunƙasa a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da tattalin arzikin Gana ya durƙushe, kayan gyara suka yi wuyar samu. Mai Bedford da ke kai goro arewa ba shi da halin sayen sabuwa, sai ya nemi injin wata motar da ta kwanta.

Aikin yana son nutsuwa. A sake ƙera mazaunin injin, a daidaita shi da akwatin giya, a tabbatar lagireto zai iya sanyaya shi. In aka yi kuskure, mota ta tsaya tsakanin Kintampo da Tamale, goro ya bushe, jari ya karye.

A 1980 jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi ta buɗe cibiyar ITTU a Suame, masana suka haɗa hannu da masu aikin ƙarfe. Yau injunan gwanjo daga Turai ake dasawa, amma da ilimin da ƙuncin wancan zamani ya koyar.