Gefen da Ba Ya Ɓoyuwa: Tarihin Bugun Bayan Hannu daga Tanis zuwa Pikilbol

A fagen dambe an raba wa hannuwa aiki tun fil azal: wanda aka ɗaure shi ne mashi, ɗayan kuma garkuwa. Wasannin da ake buga ƙwallo ta kan raga ba su yarda da wannan rabo ba. Hannu ɗaya ke riƙe da abin bugu, kuma shi zai tare ƙwallo ko ta dama ta ɓullo ko ta hagu. Idan ta zo ta gefen hannun, tafi ne ke fuskantar ta, ƙirji da ƙugu su taya. Idan ta zo ta ɗaya gefen, sai hannu ya gitta gaban jiki, bayansa ya fuskanci raga. Wannan shi ne bugun bayan hannu, kuma nan ne abokin karawa ke fara lalube.

A farkon tanis da hannu ɗaya ake yin sa. Ba'amurke Don Budge, wanda ya lashe manyan gasa huɗu na duniya a 1938, ya mai da shi makami, amma irinsa ba su da yawa. A Ostareliya kuwa, Vivian McGrath ya riƙa ɗora hannu na biyu a kan mariƙi, har ya ci gasar ƙasarsa a 1937. An ɗauki salon a matsayin baƙon abu, aka bar shi kusan shekara 40 ba mabiya sosai.

Shekarar 1974 ce ta juya al'amarin. Jimmy Connors ya ci gasar Ostareliya da Wimbledon da ta Amurka, Chris Evert ta ci ta Faransa da Wimbledon, Bjorn Borg kuma ya ci ta Faransa a ɓangaren maza. Dukkansu da hannu biyu suke bugun baya. Dalilin a fili yake: yaro ƙarami ba shi da ƙarfin wuyan hannun da zai sarrafa raket na katako, sai ya tallafa da ɗayan, ya girma da shi. Daga baya, da raket ya yi sauƙi, ƙwallo ta ƙara gudu da tashi sama, sai hannu ɗaya ya shiga uku. Rafael Nadal ya daɗe yana aika wa Roger Federer ƙwallo mai tsalle zuwa kafaɗarsa ta hagu, sai a wasan ƙarshe na Ostareliya a 2017 Federer ya sami magani, yana tarar ta tun kafin ta tashi. A Fabrairun 2024, karo na farko tun da aka fara jera gwanayen maza a 1973, goma na sama ba su da mai hannu ɗaya ko guda.

Akwai kuma tsohuwar dabara ta guje wa gefen gaba ɗaya: ɗan wasa ya zagaya da sauri ya karɓi ƙwallo da tafi. Ɗan Nijeriya Aruna Quadri ya yi suna da ƙarfin bugun tafi a ƙwallon tebur, kuma da shi ya doke Timo Boll na Jamus a Olamfik na Rio a 2016, ya zama ɗan Afirka na farko da ya kai zagayen mutum takwas. Amma zagaye na bukatar ƙafa mai sauri da ɗan lokaci.

Lokacin nan shi ne abin da pikilbol ya hana. An ƙirƙiri wasan a 1965 a tsibirin Bainbridge kusa da Siyatil a Amurka, inda Joel Pritchard da Bill Bell, daga baya da Barney McCallum, suka haɗa filin badminton da allunan ƙwallon tebur da ƙwallon roba mai huji-huji. Tsawon filin ƙafa 44 ne, faɗinsa 20, alhali na tanis ya kai 78 a tsawo. A kowane gefen raga akwai ƙafa 7 da ake kira kicin, inda aka haramta bugun ƙwallo kafin ta dira. Saboda haka 'yan wasa kan yi sahu a bakin layin, ƙafa 14 kacal tsakaninsu. A wannan tazara ƙwallon da aka auno ƙirji da ciki bayan allo ne ke tare ta, shi ya sa gwanaye ke tsayuwa da allo a karkace zuwa wannan gefe.

Muddin alluna na katako ne, bugun baya tsaro ne kawai: a tare, a yanko ƙwallo ta ƙasa, a sauke ta cikin kicin. A 1984 Arlen Paranto, injiniya a kamfanin Boeing, ya ƙera allo da kayan jirgin sama marasa nauyi, kuma allunan da suka biyo baya sun ba da damar murza ƙwallo ta kife da kanta bayan ta haye raga. Sai tarihin tanis ya maimaitu. Anna Leigh Waters, wadda ta shiga sahun ƙwararru a 2019 tana da shekara 12, ta hau saman jeri da bugun baya na hannu biyu mai kai hari.

Sai dai hannu biyu bai kori hannu ɗaya ba, an raba musu aiki ne, kuma tsayin ƙwallo ke yanke hukunci. Wadda ta yi ƙasa da raga ana ɗaga ta a hankali daga kafaɗa, wuyan hannu a kafe, don ta faɗa kicin. Wadda ta taso daidai ƙugu ana murza ta da hannu biyu. Wadda ta zo da gudu kan jiki ana tare ta da sassauƙan riƙo, ta mutu a gaban raga. Wadda ta yi nisa kuwa sai hannu ɗaya, domin shi ke miƙewa. Mai kai hari da ƙwallon da ke ƙasa da raga dole ya buga ta sama, kuma a tazarar ƙafa 14 ya miƙa ta ke nan a kan allon abokin karawarsa.