Yaran Bututun Hayaƙi a Waƙar Blake

A 1794, ana tsaka da yaƙin Ingila da Faransa, William Blake ya fitar da waƙarsa mai suna "London". Cikin waɗanda ya jiyo kukansu a titunan Landan har da yaran da ake cusawa cikin bututun hayaƙin gidaje su kankare kunkunniya, galibinsu marayu da 'ya'yan talakawa. Blake bai tsaya kan iyayen gidan yaran ba, coci da fada ya ɗora wa laifin wahalar talakan birni, kuma tarihi yana bayansa. Tun 1775 likita Percivall Pott ya danganta sankarar fatar maraina da wannan aiki. Dokar 1788 ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 8 ba, amma ta zauna a takarda, domin masu iko ba su damu a bi ta ba.

Wani zai ce waƙar ba ta ceci ko yaro ɗaya ba, tunda Blake da hannunsa yake buga littattafansa, masu karatunsa kuma ba su taka kara sun karya ba. Haka ne. Sai dai ya gano inda gizo ke saƙar: al'adar ba ta mutu ba sai a 1875, da majalisa ta wajabta wa masu sana'ar karɓar lasisi daga 'yan sanda.