Tallar da Ta Zama Haja

A shekarar 1998 kamfanin EMI ya fitar da wani kaset na bidiyo na ƙungiyar Radiohead, samari biyar da suka fara kiɗa tare tun suna makaranta a garin Abingdon, kusa da Oxford a Ingila. Bidiyon waƙoƙi bakwai ne a cikinsa, huɗu daga kundin The Bends na 1995, uku daga OK Computer na 1997. Sunan da suka raɗa masa shi ne 7 Television Commercials, ma'ana tallace-tallacen talabijin guda bakwai. Wannan suna gaskiya ne tsagwaronta, domin don talla aka yi su. Amma ranar da aka jera kaset ɗin a kanti mutane suka sa kuɗi suka saya, talla ta tashi daga talla ta zama haja mai zaman kanta. Hujjar da nake son kafawa ke nan: al'adar tattara bidiyon waƙa a kaset ita ce ta ba wannan sana'a daraja, ta kuma ba masu yin ta suna.

Asalin sana'ar neman sauƙi ne. A 1966 'yan ƙungiyar Beatles suka ɗauki gajerun finafinai na wasu waƙoƙinsu suka aika wa gidajen talabijin, don su huta da zuwa da kansu. 'Yan ƙungiyar Queen suka bi sahu a 1975 da "Bohemian Rhapsody". Da tashar MTV ta buɗe a Amurka ranar 1 ga Agusta 1981, abin ya zama dole ga duk mai son sayar da faifai. Kamfani ne ke biyan kuɗin ɗauka, ya miƙa wa tasha, galibi kuma ya cire wani kaso daga rabon mawaƙin daga baya. Bidiyo kan yi 'yan makonni ana haska shi, da zarar waƙar ta yi sanyi a kasuwa sai a jefa shi ɗakin ajiya. Wanda ya tsara shi ma ba a ambaton sunansa, sai a 1992 MTV ta fara rubuta sunan darakta a ƙasan allo. Masu salon rock ɗin da ake kira alternative, waɗanda suka taso a ƙananan gidajen kiɗa da rediyon jami'o'i suna ƙyamar tallata kai, su suka fi shiga tsaka mai wuya. Shirinsu a MTV, wato 120 Minutes da aka fara a 1986, sai dare ya raba ake sa shi. Suna bukatar talabijin, suna kuma jin kunyarta.

Daga wannan kunyar aikin Radiohead ya fito, kuma duk wanda ya kalli bakwai ɗin a jere zai gani. Mai talla kan ɗaga hajarsa sama ya wanke ta tas. Waɗannan kuwa ɓoye mawaƙan suke yi, ko su wahalar da su. A "Paranoid Android" Magnus Carlsson na ƙasar Suwidin ya yi zane mai motsi ne na sama da minti shida, 'yan ƙungiyar ba su fito ba sai a zane, na ɗan lokaci, a wata mashaya. A "Just" na Jamie Thraves wani mutum ya kwanta a gefen titi, jama'a suka taru suna tambayarsa dalili, ana rubuta maganarsu a ƙasan allo. Da ya buɗe baki zai faɗi dalilin sai rubutun ya ɗauke, can sai ga taron duka a kwance. A "No Surprises" Grant Gee ya kafa kyamara a fuskar Thom Yorke, mawaƙin ƙungiyar, kansa cikin wata hular gilashi, ruwa na hawa a hankali har ya shanye shi, ya riƙe numfashi kusan minti guda. Jonathan Glazer shi ya yi biyu, "Street Spirit" cikin baƙi da fari, da "Karma Police" inda mota ke bin wani mutum a kan titi cikin dare, har ya juyo ya cinna wa man da ke zuba daga jikinta wuta. Babu ɗaya daga cikinsu da ke ce wa mai kallo je ka saya.

Za a iya cewa wannan duk dabarar kasuwa ce, kamfani ya sayar wa masoya abin da ya riga ya haska musu kyauta, ya ci riba biyu a kan jari ɗaya. Ban musa ba, EMI ba sadaka ya fito yi ba. Sai dai a duba abin da mai saye ya samu. A wancan zamani babu YouTube, sai a 2005 aka kafa shi, don haka wanda bidiyo ya wuce shi a talabijin sai ya zauna jiran ranar da tasha ta ga dama. Kaset ya mayar da iko hannun mai kallo: ya tsayar, ya koma baya, ya ƙura wa leɓen mutumin nan na "Just" ido ko zai gane abin da ya faɗa. Aikin da ake maimaita kallonsa haka shi ake fara tambayar wa ya yi shi. Daga 2003 aka shiga fitar da jerin faifan DVD mai suna Directors Label, inda ake tara bidiyo bisa sunan darakta maimakon na mawaƙi, aka fara da Spike Jonze da Michel Gondry da Chris Cunningham, Glazer ya samu nasa a 2005. Wannan Glazer ɗin ne fim ɗinsa The Zone of Interest ya ci kyautar Oscar a 2024.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi: hoto yakan ɗaure waƙa. Wanda ya ga fuskar nan cikin ruwa, da wuya ya sake jin "No Surprises" bai tuna ta ba, an ƙwace masa damar ya zana nasa hoton a zuci. Wannan hasara ce ta gaske. Abin da ya rage mata zafi shi ne mafi kyawun bidiyon nan ba su fassara baitocin ba, labari na daban suka ajiye a gefensu suka bar shi a buɗe. Kuma tarin kansa zaɓi ne. Ba a sa bidiyon "Creep" ba, waƙar 1992 da ta fito da su duniya, ga shi kuwa ita ce za ta fi jawo masu saye. In riba kaɗai ake nema, da ita za a buɗe kaset ɗin.

Shekara biyu bayan fitowar kaset ɗin, a 2000, Radiohead suka fitar da kundin Kid A ba tare da bidiyon waƙa ko ɗaya ba, sai 'yan guntayen hotuna masu motsi na daƙiƙoƙi da suka raba wa tashoshi da shafukan intanet. Duk da haka kundin ya hau matsayi na ɗaya a Ingila da Amurka. Bakwai ɗin nan kuwa kasuwarsu ba ta mutu ba, a 2003 aka sake fitar da su a faifan DVD da sunansu na asali.