Cakin kuɗi da ya wuce wa'adi

Cakin kuɗi da ya wuce wa'adi shi ne cakin da aka rubuta wa mutum amma bai kai shi banki ba har lokacin karɓarsa ya ƙare. Ana lissafin wa'adin ne daga ranar da aka rubuta a jikin cakin. Ƙarewar wa'adi ba ta goge bashi: takardar ce ta daina aiki, amma haƙƙin mai kuɗi yana nan a wuyan wanda ya rubuta ta.

Tsawon wa'adi

Wa'adin ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Najeriya da Birtaniya, bankuna kan ƙi karɓar cakin da ya haura wata 6. A Amurka, sashe na 4-404 na dokar kasuwanci ta bai-ɗaya bai tilasta wa banki biyan cakin da ya wuce wata 6 ba, ko da yake yana iya biya. Cakin baitulmalin gwamnatin Amurka kuwa shekara 1 yake yi. Babban Bankin Indiya ya rage wa'adin zuwa wata 3 daga ranar 1 ga Afrilu, 2012. A Faransa, shekara 1 ne da kwana 8.

Abin da ake yi

Wanda ke riƙe da tsohon caki yakan koma wurin mai shi ya nemi sabo. Kafin ya rubuta sabon, mai asusu yakan umarci bankinsa ya dakatar da na farko, domin kada a biya sau biyu. Kamfanoni kuma sukan mayar da adadin cikin littafin lissafinsu a matsayin bashin da ake binsu.

Kuɗin da ba a nema ba

A Amurka, idan shekaru suka shuɗe mai kuɗi bai zo ba, doka ta wajabta miƙa kuɗin ga gwamnatin jiha, ta ajiye har mai shi ko magadansa su nema.

A Najeriya, matsalar ta fi fitowa a ribar hannun jari, wadda a da ake aikawa a takarda ta gidan waya. Wannan ya sa hukumar kula da kasuwar hannun jari ta ƙarfafa biya kai tsaye zuwa asusun banki. Dokar Kuɗi ta 2020 ta tanadi cewa ribar da ta kai shekara 6 ba a karɓa ba a mayar da ita wani asusun amana na gwamnatin tarayya, kuma mai ita yana da damar nemanta.