Hukuma, Kasuwa da Fatawa: Tarihin Bankin Musulunci a Malesiya

Tarihin hada-hadar kuɗi ta Musulunci a Malesiya ya faro ne daga matsalar aikin Hajji. Manoman Malayu sun saba ɓoye kuɗin guzurinsu a gida don gudun riba, wasu kuma su sayar da gona ko dabbobi, su dawo daga Makka cikin talauci. A 1959 masanin tattalin arziki Ungku Abdul Aziz ya ba da shawarar kafa asusun adashen maniyyata. An kafa shi a 1963, shi ne kuma aka sani daga baya da Tabung Haji.

Mataki na biyu na siyasa ne. Mahathir Mohamad ya zama firaminista a 1981, lokacin da jam'iyyar PAS take ƙalubalantar jam'iyya mai mulki, UMNO, a kan wane ne ya fi kishin addini. Gwamnati ta mayar da martani da kafa cibiyoyi. A 1983 aka yi dokar bankin Musulunci aka buɗe Bank Islam Malaysia, dokar takaful ta biyo baya a 1984, sannan a 1993 aka yarje wa bankunan riba su buɗe sassan mu'amala marar riba. A 2002 ƙasar ta fitar da sukuk na ijara na dala miliyan 600 zuwa kasuwar duniya.

Fita kasuwar duniya ita ce ta fito da saɓanin fiƙihu fili. Bankunan Malesiya sun dogara ƙwarai da bai'ul ina, wato mutum ya sayar da kaya bashi, sannan ya saye su nan take da farashi ƙasa da na farko. Sun kafa hujja da mazhabar Shafi'i, wadda take duba zahirin ƙulla ciniki. Malikawa da Hambalawa kuwa sun hana shi saboda toshe kafar riba, kuma malaman ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka ƙi amincewa da shi. Da yake Malesiya tana neman jarin waɗannan ƙasashe, sai bankunanta suka karkata zuwa tawarruƙ, har aka buɗe kasuwar Bursa Suq al-Sila' a 2009, inda ake ƙulla shi da manja. A shekarar nan kuma Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta haramta tawarruƙin da banki yake tsara dukkan matakansa tun farko.

A 2009 ɗin ne sabuwar dokar babban banki ta wajabta wa kotuna bin hukuncin majalisar shari'a ta babban bankin. Wannan ya ba 'yan kasuwa natsuwa, domin jari ba ya zama inda hukunci yake sauyawa daga alƙali zuwa alƙali. Sai dai ya mayar da fatawa wani ɓangare na manufar tattalin arzikin ƙasa.

Nijeriya, wadda ta ga buɗe bankin Jaiz a 2012 da sukuk na gwamnatin tarayya a 2017, tana kan farkon wannan hanya. Wajibi ne ɗaliban mu'amalat su fahimci harkar kasuwa kamar yadda suka fahimci nassi, domin a Malesiya buƙatar jari ta riga tarjihi sauya aiki. Allah shi ne mafi sani.