Gawar da Ta Ɗauki Ran Mai Ɗauko Ta



Duk wanda ya tashi a Sabon Birni ko Isa ya san yadda Gulbin Rima yake idan damina ta yi nisa. Kwale-kwale na kifewa, kan ka ce kwabo an aika a kira Sarkawa masu nutso. Haka aka yi a watan Agustan 2025, da wani jirgi ɗauke da mutum sama da 50 ya kife a hanyar kasuwar Goronyo. To, shi mai shiga neman gawar, wa ke tunanin ransa?

Bari mu leƙa tarihi. A 1878 wani Bature ɗan Ingila, Henry Fleuss, ya ƙera na'urar da ke sake sarrafa numfashi. Iskar da ka fitar ba ta tafiya a ruwa. Tana bi ta wani sinadari mai tsotse gurɓatacciyar iska, a ƙara mata oksijin, ka sake shaƙa. A 1880 Alexander Lambert ya goya ta, ya shiga ramin jirgin ƙasa na Severn da ruwa ya cika, ya rufe ƙofar da ta gagara.

Sai dai na'urar tana da sharrinta. In ruwa ya shiga jakar numfashin, iskar da ke ɗaga ka ta tafi, sai ka yi ƙasa kamar dutse. In kuma ka yi aikin ƙarfi a zurfi, gurɓatacciyar iska ta taru a jini, ka suma.

Mu gangara Afirka ta Kudu, kogon ruwan Boesmansgat. A Disambar 1994 wani matashi, Deon Dreyer, ya nutse a ciki. Bayan shekara 10, Dave Shaw, matuƙin jirgin sama ɗan Ostireliya, ya ga gawar a zurfin mita 270, ya yi wa iyayen alkawarin ɗauko ta. Ranar 8 ga Janairun 2005 ya koma da irin wannan na'ura. An yi zaton gawar za ta zauna daram a laka, ashe ta yi sakayau, taɓa ta ke da wuya ta fara yawo. Igiya ta harɗe shi, ya yi ta fama, numfashi ya gagare shi. Bayan kwanaki, da abokansa suka ja igiyar, sai ga gawa biyu.

Ka ga gwani ke nan, da kayan aiki da mataimaka. Namu kuwa huhunsu kawai suke da shi, a ruwan da ko tafin hannunka ba ka gani.

Don haka in tsautsayi ya faɗa, kada baƙin ciki ya sa mu matsa wa mai nutso ya koma alhali ya gaji. Kada ya shiga shi kaɗai, a bar wani a kwale-kwale yana lura da shi. Neman gawa hakki ne, amma ran mai nemanta ma amana ne.

Allah ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci. Sai mun haɗu a shiri na gaba.