Zaɓen Sanatan Kano ta Tsakiya na 2015: Gwamna ne ya yi Kaye ko Guguwa?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata gardama da ta ɓarke a ɗakinmu na kwana ran wata Asabar da dare, har aka kusa raba dare ba a kai ƙarshenta ba. Wani abokin karatuna ya kafe a kan cewa a ƙasar nan sanata ba ya ja da gwamna, in kuwa ya ja to ya sha ƙasa. Hujjar da ya kawo ita ce yadda Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso ya kayar da Sanata Bashir Garba Lado a mazaɓar Kano ta Tsakiya cikin shekarar 2015. Ni ma a daren nan na ɗan karkata ga ra'ayinsa, don kuwa haka muka tashi muna ji. Sai bayan da na zauna na jera abubuwan da suka faru ɗaya bayan ɗaya na ga cewa maganar tasa tana da gyara.

Lokacin wannan zaɓe ina ajin ƙarshe na firamare, ban isa jefa ƙuri'a ba. Abin da na riƙe kawai shi ne jajayen huluna da tsintsiya a ko'ina cikin unguwa, da kuma yadda mahaifina ya fita tun bayan sallar asuba bai dawo ba sai bayan la'asar, babban yatsansa duk tawada.

Kafin a shiga labarin, ya kamata mai karatu ya san kujerar da ake magana a kanta. Tsarin mulkin 1999 ya ba kowace jiha sanatoci uku, Abuja guda ɗaya, watau 109 ke nan a Majalisar Dattawa. Kano ta Tsakiya ta ƙunshi ƙananan hukumomi 15 daga cikin 44 na jihar, ciki har da Birni da Dala da Gwale da Fagge da Nasarawa da Tarauni da Kumbotso da Ungogo, sannan ta miƙa har Kura da Madobi da Dawakin Kudu da Minjibir. Tsarin mulkin ya kuma hana gwamna wuce zango biyu, alhali kuwa sanata ba a yanka masa iyaka ba. Wannan shi ya sa gwamnonin da wa'adinsu ya ƙare suke ɗora ido a kan majalisar, har wasu suka riƙa yi mata ba'a da cewa ta zama zauren hutun tsofaffin gwamnoni.

A da can ba haka hanyar ta bi ba. A Jamhuriya ta Biyu, lokacin da kowace jiha daga cikin 19 take da sanatoci biyar, Alhaji Sabo Bakin Zuwo ya fara zama sanata ne a 1979 ƙarƙashin P.R.P. ta Malam Aminu Kano, sa'an nan a 1983 ya kayar da Alhaji Abubakar Rimi ya zama gwamna, ko da yake wata uku kacal ya yi soja suka kifar da mulkin ran 31 ga Disamba. Ka ga ke nan a wancan zamani majalisa ce tsani, gidan gwamnati ne bene. Yanzu kuwa daga bene ake saukowa a nemi majalisa.

To, mu dawo kan mutanen nan biyu. Abin da yawancinmu muke mantawa shi ne a 2011 jirgi ɗaya ya ɗauko su. Duk su biyun 'yan P.D.P. ne. Lado ya ci kujerar sanata ran 9 ga Afrilu, Kwankwaso kuma ya ci ta gwamna ran 26 ga watan, bayan shekara takwas rabonsa da ita. Tsakanin waɗannan ranaku biyu, watau ran 16 ga Afrilu, aka yi zaɓen shugaban ƙasa, inda Janar Muhammadu Buhari na C.P.C. ya samu ƙuri'a fiye da miliyan ɗaya da dubu ɗari shida a Kano, ya bar Shugaba Goodluck Jonathan da ƙasa da rabin miliyan. Ina so mai karatu ya lura da wannan da kyau. Mutanen da suka ƙi P.D.P. ƙememe a zaɓen shugaban ƙasa, su ne suka ba ta sanatoci biyu daga cikin uku mako guda kafin nan, suka kuma ba ta gwamna bayan kwana goma. Dalili biyu ne suka jawo haka: an raba ranakun zaɓen, kuma masu adawa da P.D.P. sun rabu gida biyu, wasu na A.N.P.P. ta Malam Ibrahim Shekarau, wasu na C.P.C.

Duka dalilan nan biyu sun gushe kafin 2015. A 2013 jam'iyyun A.N.P.P. da C.P.C. da A.C.N. suka narke suka zama A.P.C. Cikin watan Nuwamba na shekarar, gwamnonin P.D.P. biyar suka tsallaka zuwa sabuwar jam'iyyar: Kwankwaso na Kano, da Aliyu Wamakko na Sakkwato, da Murtala Nyako na Adamawa, da Abdulfatah Ahmed na Kwara, da Rotimi Amaechi na Ribas. Shigar Kwankwaso ta sa Shekarau, wanda da shi aka kafa A.P.C., ya ga ɗaki ya yi musu kaɗan, ya fita ya koma P.D.P. a farkon 2014, daga baya aka ba shi Ministan Ilimi. Shi kuwa Lado ya yi zamansa inda yake.

A nan ne nake ganin aka yanke hukuncin zaɓen, shekara guda da 'yan watanni kafin a buɗe akwati. Kwankwaso ya san abin da ya guda, domin ta taɓa cin sa. A 2003 an yi zaɓen gwamna da na shugaban ƙasa rana ɗaya, ran 19 ga Afrilu. Yana kan kujera, da iko da jam'iyyar da ke mulkin tarayya duk a hannunsa, amma jama'a suka bi Buhari da A.N.P.P., Shekarau ya kayar da shi. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Da a ce kujerar gwamna kaɗai tana cin zaɓe, da shi kansa bai faɗi a 2003 ba.

Ba kuma majalisar ce ya fara nema ba. A watan Disamba na 2014 ya shiga zaɓen fid da gwani na shugaban ƙasa a Ikko, inda Buhari ya samu ƙuri'a 3,430, shi ya zo na biyu da 974, Atiku Abubakar na uku da 954. Bayan wannan ne ya juyo kan kujerar Kano ta Tsakiya, da yake garinsu Kwankwaso yana cikin ƙaramar hukumar Madobi.

Kowanensu yana da abin nuni. Gwamna yana da gadar Ƙofar Nasarawa, da jami'ar Northwest da ya kafa a 2012, da ɗaliban da ya tura ƙasashen waje neman digiri na biyu, ga kuma rundunar jar hula wadda babu akwatin da ba ta da wakili. Sanata kuwa yana da gadar sama ta kan titin Zariya wadda jama'a suka laƙaba wa sunansa. Ba ƙaramin abu ba ne a ce ɗan majalisa, wanda ba shi da baitulmali a hannunsa, ya jawo aikin tarayya irin wannan zuwa mazaɓarsa. A gaskiya sanatoci da yawa sun yi shekara huɗu sun sauka ba su bar abin da za a nuna da yatsa ba.

Sai dai zukatan mutanen Kano a lokacin ba a kan gada suke ba. Tun harin ran 20 ga Janairu 2012 garin bai sake samun natsuwa ba. An sace 'yan matan Chibok a watan Afrilu na 2014. Ran 28 ga Nuwamba na wannan shekara aka kai hari babban masallacin Juma'a na birni, mutane fiye da ɗari suka rasu. Ko da gaskiya ko da ƙari, jama'a sun ɗora laifin a wuyan Gwamnatin Tarayya da jam'iyyarta, kuma duk wanda ke ɗauke da hoton lema ya ɗauki rabonsa na fushin. Daɗin daɗawa, hukumar zaɓe ƙarƙashin Farfesa Attahiru Jega, tsohon shugaban Jami'ar Bayero, ta haɗa zaɓen shugaban ƙasa da na majalisun tarayya rana ɗaya. Da farko an tsayar da 14 ga Fabrairu, aka ɗaga zuwa 28 ga Maris saboda dalilin tsaro. Mai zaɓe ya karɓi takardu uku a layi ɗaya, kalmar da ke bakin kowa kuma ita ce "sak", watau tsintsiya daga sama har ƙasa. Iska dai na wahalar da mai kayan kara.

Da aka ƙirga, Kwankwaso ya tashi da ƙuri'a 758,383, Lado da 205,809. Sauran kujeru biyun ma A.P.C. ta kwashe: Barau Jibrin ya kayar da Sanata Bello Hayatu Gwarzo a Kano ta Arewa, Kabiru Gaya ya koma a Kano ta Kudu. Barau kuwa bai taɓa yin gwamna ba, amma shi ma ya tuɓe sanata mai ci. Wannan kaɗai ya isa ya sa abokina ya sake tunani.

In aka ɗaga kai aka dubi sauran jihohi a wannan rana, maganar ta ƙara fitowa fili. Wamakko, wanda ya yi tsallake tare da Kwankwaso, ya kayar da Sanata Ahmed Maccido a Sakkwato ta Arewa. Amma gwamnonin da suka tsaya a P.D.P. fa? Babangida Aliyu na Neja ya faɗi. Isa Yuguda na Bauci ya faɗi. Sa'idu Dakingari na Kabi ya faɗi. A Binuwai, Gwamna Gabriel Suswam ya kara da sanata mai ci, Barnabas Gemade, wanda ya koma A.P.C., kuma sanatan ne ya yi nasara. A Kaduna ta Arewa, Ahmed Makarfi, wanda ya haɗa abu biyu, tsohon gwamna ne kuma sanata mai ci, shi ma Sulaiman Hunƙuyi ya kayar da shi. Duk waɗannan suna da irin ƙarfin da abokina yake ambato, bai hana su faɗuwa ba.

Akwai kuma wani lissafi da ban taɓa jin kowa ya yi ba a cikin hirarrakinmu. A zaɓen shugaban ƙasa na wannan rana Buhari ya samu 1,903,999 a Jihar Kano, Jonathan 215,779. To Jonathan a ƙananan hukumomi 44 ya tara tasa, Lado kuwa a 15 kawai ya tara 205,809, bambancinsu bai kai dubu goma ba. Ma'anar wannan ita ce dubban mutane sun dangwala wa Buhari a takarda ɗaya, suka juya suka dangwala wa Lado a ta biyu, duk da kiran sak. Saboda haka ba daidai ba ne a ce aikinsa bai yi masa rana ba. Ya yi, sai dai bai kai ya tare guguwa ba. Ba kuma ina nufin Kwankwaso ba shi da jama'arsa ba ne. Abin da ya yi a 2023, da ya ɗauki N.N.P.P. wadda ba ta da kowa ya ci Kano da ita, ya wadatar a matsayin shaida. Abin da nake cewa shi ne zaɓen 2015 ba shi ne ma'aunin da za a auna gwamna da sanata a kai ba.

Me mutanen mazaɓar suka samu daga wannan canji? Ba a yi shekara ba sabon sanata ya ɓata da magajinsa, Gwamna Abdullahi Umar Ganduje, wanda ya yi masa mataimaki har sau biyu. Rikicin ya yi tsanani har ya zamana sanata ya daɗe bai tako mazaɓarsa ba, kuma ziyarar da ya shirya a ƙarshen Janairu 2018 sai soke ta ya yi bayan 'yan sanda sun ba da shawarar kada ya zo. A watan Yuli na shekarar ya koma P.D.P., ya nemi takarar shugaban ƙasa a Fatakwal bai samu ba, bai kuma sake neman kujerar sanata ba. Shekarau ya sake tsallakowa A.P.C. ya ɗauke ta a 2019. Shi ma Lado daga baya A.P.C. ɗin ya koma, har Shugaba Buhari ya ba shi shugabancin hukumar kula da 'yan gudun hijira a 2019.

Wani abin mamaki game da kujerar nan shi ne daga 1999 zuwa zaɓen 2023 babu wanda ya zauna a kanta sau biyu a jere. Kura Muhammad a 1999, Rufa'i Sani Hanga a 2003, Muhammad Adamu Bello a 2007, Lado a 2011, Kwankwaso a 2015, Shekarau a 2019. A 2023 ma hukumar zaɓe ta ambaci sunan Shekarau ƙarƙashin N.N.P.P., jam'iyyar da ya riga ya bari, sai Kotun Ƙoli ta ce Hanga ne halattaccen ɗan takara, ya dawo bayan shekara 16. Kano ta Kudu kuwa ta riƙe Kabiru Gaya zango huɗu, daga 2007 har 2023, kafin Kawu Sumaila ya kayar da shi.

Na karanta wa abokin nawa wannan rubutu kafin in miƙa shi ga editocin mujallarmu. Ya amince da lissafin, amma ya ce har yanzu shi dai ba zai ba wani sanata shawarar ya ja da gwamna ba. Washegari muka fita tare za mu Na'ibawa, muna tsaye a bakin titi yaron mota yana ta kiran fasinja, "Gadar Lado! Gadar Lado!", muka shiga.